Darasi: Sinadaran da Ke Aiki a Cikin Dafin Maciji

Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, da ƙyar take wuce kamu ɗaya a tsawo. Dafin da take zubawa a sara guda ɗigo ne ƙalilan. Babban mutum kuwa yana ɗauke da jini wajen lita 5 a jikinsa. Duk da haka wannan ɗan ɗigo ya isa ya hana jinin nan gaba ɗaya daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi, ta fitsari, da ta tsohon rauni wanda ya riga ya fara warkewa. Ta yaya abu kaɗan haka zai fi ƙarfin abu mai yawa haka? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na yau, kuma tana cikin wasu sinadarai da masana ke kira enzayim.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na sarar mutane wajen miliyan 5.4 kowace shekara, mutum 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa, waɗanda ke rasa hannu ko ƙafa ko su nakasa kuwa sun ninka haka kusan sau uku. A 2017 hukumar ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A yankinmu na savana, manomi da makiyayi da mai shiga daji neman itace su ne kan gaba, musamman lokacin shuka da lokacin kaka, kuma macizai uku ne suka fi yin ɓarna: kububuwa, kasa, da kumurci mai tofi.

Mene ne enzayim?

Enzayim wani nau'in furotin ne da jikin mai rai ke ƙerawa don ya hanzarta wani aiki na sinadarai. Aikin da zai ɗauki shekaru idan aka bar shi da kansa, enzayim na iya gama shi cikin daƙiƙa. Kun daɗe kuna aiki da su. Idan kuka tauna ɗanyen tsaki ko burodi kuka daɗe ba ku haɗiye ba, za ku ji ya fara zaƙi; enzayim ne na yawu ke yanka sitaci ya mai da shi sukari. Mai kunun zaƙi da ke zuba niƙaƙƙen tsiron hatsi a cikin kunu mai kauri, ta bar shi ya kwana ya tsinke ya yi zaƙi, da enzayim take aiki. Haka Fulanin da ke sa ruwan tumfafiya a madara mai ɗumi don ta kame ta zama cuku, haka mai naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda don ya yi laushi.

Ku ɗauki enzayim a matsayin almakashi. Almakashi yana yanka ƙyalle, amma shi ba ya ƙarewa: ya yanka wannan ya wuce ga na gaba, daga safe har dare. Wannan ita ce siffar farko, kuma ita ce mafi muhimmanci a darasin nan. Ƙwayar enzayim ɗaya takan yanka abin da take yanka, ta sake shi, ta kama wani, sau ɗaruruwa ko dubbai, tana nan yadda take. Saboda haka ɓarnar dafi ba ta tsaya ga yawan abin da maciji ya zuba ba. Yawan dafin ne haɗe da tsawon lokacin da aka bar shi yana aiki.

Siffa ta biyu ita ce zaɓe. Kowane enzayim yana da wani ɗan lungu a jikinsa, bakin yankansa ke nan, wanda abu iri ɗaya ko 'yan kaɗan ne kawai ke shiga daidai. Mai yanka maiƙo ba ya taɓa furotin, mai yanka wani furotin na jini ba lallai ya taɓa wani ba. Ta uku, enzayim yana da yanayin da yake so: ɗumi daidai gwargwado da tsami daidai gwargwado. Jikin mutum yana kan digiri 37 a ma'aunin Salsiyas, jininsa kuma yana wajen 7.4 a ma'aunin tsami da ake kira pH, kuma yawancin enzayim na dafi suna aiki sosai a wannan yanayi. Ta huɗu, da yawa daga cikinsu ba sa yanka sai da taimakon ƙwayar wani ƙarfe, kamar zinki ko kalsiyam. Wannan ƙwaya ita ce ƙusar da ta haɗa bakin almakashin; in aka zare ta, yanka ya tsaya.

Dafi ba abu ɗaya ba ne

Maciji yana ƙera dafi a wata jaka da ke bayan idonsa, kowane gefe ɗaya, wadda asalinta dangin jakar yawu ce. Daga nan dafin ke bi ta bututu zuwa fiƙa. Idan aka tatsi dafi aka busar da shi, fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya rage furotin ne, kuma iri-iri ne, gommai a dafin maciji ɗaya. Wasu enzayim ne, wasu kuma ƙananan guba ne da ba sa yanka komai, sai dai su manne wa jijiya ko fatar ƙwayar halitta su hana ta aiki.

Rabon ya bambanta tsakanin dangogi. Dangin kububuwa da kasa dafinsu cike yake da enzayim masu yanka furotin, shi ya sa ɓarnarsu ke fitowa a jini da nama. Dangin kumurci da gamsheƙa kuwa mafi yawan dafinsu ƙananan gubar nan ne da ake kira masu yatsa uku saboda siffarsu, tare da enzayim mai yanka maiƙo. Ko a jinsi ɗaya, dafin na wannan ƙasa yakan bambanta da na waccan, na ƙarami yakan bambanta da na babba. Ku riƙe wannan, zai dawo mana idan muka zo kan magani.

Masu aiki da zinki: makamin kububuwa

Sunan wannan rukuni metalofurotines, wato masu yanka furotin da taimakon ƙarfe, ƙarfen kuwa zinki ne. A dafin kububuwar Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Echis ocellatus, wannan rukuni ya kai wajen kashi biyu cikin uku na dukkan furotin. Aiki biyu suke yi, kuma haɗuwar ayyukan biyu ce ke kisa.

Na farko, suna kai hari ga ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta. Bangon irin wannan hanya ƙwayoyin halitta ne jere ɗaya tak, zaune a kan wani siririn tantani da aka saƙa da furotin, musamman wani nau'in kolajin. Enzayim ɗin yana yanka wannan tantani. Da ya yi rauni, ƙarfin bugun jini da kansa sai ya yaga bangon, jini ya tsiyaya cikin nama. Wannan ne ke jawo kumburi, da baƙi-baƙin da ke fitowa ƙarƙashin fata, da bororo mai jini a ciki.

Na biyu ya fi wuyar fahimta, don haka mu bi shi a hankali. A cikin jinin kowa akwai wani furotin narkakke da hanta ke ƙerawa, sunansa fibirinojin, gram 2 zuwa 4 a kowace lita. Idan mutum ya yanke, jiki yakan tayar da wani enzayim nasa mai suna turombin, shi kuma ya mai da fibirinojin zare-zare masu kama ƙwayoyin jini su zama gudan da ke toshe rauni. Turombin ba ya yawo a farke, don da haka ne da jini ya daskare a cikin jijiya. Yana yawo ne a kwance, da suna furoturombin, sai a bakin rauni kaɗai ake tayar da shi. To, dafin kububuwa yana ɗauke da enzayim da ke yanka furoturombin ya tayar da shi a ko'ina, ba tare da rauni ba.

A jikin ɓera, wanda jininsa kaɗan ne, wannan yana sa jini ya daskare a cikin jijiyoyi nan take, ɓeran ya mutu, macijiya ta sami abinci. A jikin mutum dafin yana tsarma cikin jini mai yawa, ba ya iya daskarar da shi gaba ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya riƙa haddasa ƙananan gudaji ba tsayawa, jiki yana narkar da su, ana sake yin wasu, har fibirinojin da sauran kayan daskarewa su ƙare ƙaf. Hanta tana ƙera sabo, dafin yana cinyewa. Sakamakon shi ne dafi mai daskarar da jini ya bar mutum da jinin da ba ya daskarewa, alhali rukunin farko yana ta huda masa hanyoyin jini.

Abin da ya fi tayar da hankali a nan shi ne yadda mutum yake a ido. Manomin da kububuwa ta sara da hantsi yana iya takowa gida da ƙafarsa, ya ci abinci, ya yi hira, ƙafa ta kumbura tana zogi amma hankalinsa garau. 'Yan uwa su ce ai da sauƙi. A cikin jijiyoyinsa kuwa aiki ya yi nisa. Washegari ko bayan kwana biyu ya tofar da yawu a ga ja, wurin saran ya ƙi daina tsattsafo da jini, fitsari ya canja launi. Wani sai ciwon kai mai tsanani ya kama shi, ya suma, saboda jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Mace mai ciki tana iya yin ɓari da zubar jini mai yawa. Idan ba a yi magani ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da dafin kububuwa ya shiga jininsu suna mutuwa, da yawansu bayan kwanaki.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wannan asiri tun kafin jini ya fito fili. Ma'aikacin lafiya yana ɗiban jini wajen mililita 2 daga jijiya, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, ya ajiye ta tsaye ba mai taɓa ta, ya duba agogo. Bayan minti 20 cif ya karkata ta sau ɗaya. Jinin mai lafiya zai tsaya a gindin kwalba ya kame. Idan ya gangaro yana ruwa, kayan daskarewa sun ƙare, kuma lokacin ba da makarin dafi ya yi. Dole kwalbar ta zama gilashi, domin taɓa gilashi ne ke tayar da daskarewar jini. Roba, ko kwalbar da aka wanke da sabulu, tana iya ba da amsar ƙarya. Likitan nan ɗan Ingila, David Warrell, da abokan aikinsa sun yi amfani da wannan gwaji a binciken da suka yi kan saran kububuwa lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, kuma yau ana yin sa a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka.

Mai yanka maiƙo

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da fata siririya da aka yi da wani irin maiƙo mai suna fosfolifid. Enzayim ɗin da ake kira fosfolifes A2 yana yanke ɗaya daga cikin wutsiyoyi biyu na wannan maiƙo, kuma yana bukatar kalsiyam kafin ya yi haka. Da fatar ta huje, kalsiyam na waje ya kwararo ciki, ƙwayar ta mutu. Gutsattsarin maiƙon da aka yanke kuma jiki yana mai da su sinadaran da ke kawo zogi da kumburi.

Kusan kowane maciji mai dafi yana da irin nasa. Ƙarami ne, amino asid, wato tubalan ginin furotin, wajen 120 ne a jere, amma an ɗaure shi tam da igiyoyin sulfa kusan bakwai daga ciki. Wannan ɗauri ne ya sa yake da taurin kai: yana jure zafin da zai lalata yawancin furotin. Wasu irinsa suna ruguza tsoka, har abin da ke cikin tsokar ya bi jini ya mai da fitsari baƙi ya wahalar da ƙoda. Wasu suna lalata bakin jijiyar da ke ba tsoka umarni, mutum ya shanye. Wasu suna hana jini daskarewa. Akwai ma waɗanda amino asid ɗaya ya canja a wuri na 49 a jerinsu, suka daina yanka maiƙo kwata-kwata, amma har yanzu suna kashe tsoka ta hanyar manne wa fatarta. 

A dafin kumurci mai tofi, Naja nigricollis, wannan enzayim yana haɗa kai da gubar nan masu yatsa uku, su kashe fata da abin da ke ƙarƙashinta. Kumurci yakan shiga ɗaki da dare yana bin ɓera ko kwaɗo, ya sari mai barci a ƙasa. Bayan kwana kaɗan fatar wurin ta yi duhu, bororo ya kewaye ta, ta mutu ta saɓule, a bar gyambo mai faɗi da ke ɗaukar watanni, wani lokaci sai an yi dashen fata. Idan a ido ya tofa, abin yi shi ne a wanke idon nan take da ruwa mai tsabta, mai yawa, a daɗe ana kwarara shi, sannan a tafi asibiti. Kada a ɗiga wani ruwan ganye ko a murza idon.

Sauran ma'aikata

Akwai rukunin serin furotiyes, masu yawa a dangin kasa da kububuwa. Wasu daga cikinsu suna kwaikwayon turombin, amma rabi da rabi: suna yanka fibirinojin su yi gudan da ba shi da ƙwari, wanda ke narkewa nan da nan, don haka suna ƙara cinye kayan daskarewa. Wasu suna sakin wani sinadari mai suna biradikinin, wanda ke buɗe jijiyoyi ya sa ƙarfin bugun jini ya faɗi. Wannan, tare da ruwa da jinin da ke tarewa a ƙafar da ta kumbura har cinya, yana cikin dalilan da ke sa wanda kasa ta sara ya yi jiri ya faɗi.

Hayaluronides ba ya kisa da kansa. Aikinsa narkar da wani abu mai yauƙi da ke cike tsakanin ƙwayoyin nama, don sauran dafin ya sami hanyar bazuwa. Akwai kuma wani mai ƙona amino asid, wanda ke fitar da haidirojin feroksaid mai cutar da ƙwayoyin halitta. Yana ɗauke da wani sinadari dangin bitamin B2, kuma shi ne ke ba dafin macizai da yawa launin rawaya. Wasu enzayim ɗin suna sakin wani sinadari mai suna adenosin, shi ma mai saukar da bugun jini.

Me ya hana dafin cin mai shi?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin siffofin da muka lissafa a farko. A macizan da aka bincika, an ga cewa dafi yana zaune a jakarsa cikin tsami fiye da na jini, yanayin da enzayim ɗin ba sa motsi sosai. Akwai sitiret mai yawa, dangin abin da ke sa lemon tsami tsami, wanda ke riƙe ƙwayoyin ƙarfe. Akwai kuma wasu 'yan guntayen furotin da ke toshe bakin masu aiki da zinki. Da maciji ya yi sara, ruwan jikin wanda aka sara ya tsarma waɗannan masu tsaro, tsami ya ragu, ga ɗumi, ga kalsiyam, sai aiki ya tashi. Ban da haka, jinin macizai da yawa yana da furotin na musamman da ke kama dafin jinsinsu.

Daga nan za ku iya auna dabarun da aka saba yi da kanku. Ƙona wurin sara da wuta ko garwashi: nama zai ƙone tun kafin fosfolifes ya lalace, dafin kuma ya riga ya yi ƙasa. Ƙanƙara: sanyi yana rage saurin enzayim amma ba ya kashe shi, yana kuma ƙara kashe naman da jini ya riga ya yi wa ƙaranci. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba: an tsare masu cin nama a wuri ɗaya, an kuma hana wurin jini, ƙafafu da yawa da aka yanke wannan ɗauri ne sanadinsu. Tsaga da reza ko yin ƙaho: an buɗe sababbin ƙofofi a jikin mutumin da jininsa ba ya daskarewa. Tsotsa da baki da manna baƙin dutse: ba sa fitar da wani abin kirki, domin dafin ya bazu cikin nama, yana bin hanyoyin ruwan jiki zuwa jini. Mutane suna yin waɗannan ne don ƙaunar ɗan uwansu da rashin asibiti kusa, babu mai zargin niyyarsu. Abin da ke ƙarfafa imani da su shi ne sau da yawa macijin ba mai dafi ba ne, ko kuma mai dafi ne amma bai zuba komai ba, sai mutum ya warke a ce magani ya ci. Wanda dafi ya shiga jininsa da gaske kuwa, kowace sa'a da aka ɓata a gida enzayim ɗin yana yanka.

A kula kuma: mutuwar maciji ba ta kashe dafinsa. Kan da aka sare yana iya sara bayan an kashe shi, busasshen dafi kuma yana riƙe ƙarfinsa shekaru.

Makarin dafi

Likitan Faransa Albert Calmette yana cikin waɗanda suka fara haɗa makarin dafi wajen 1895, kuma har yau tushen dabarar bai canja ba. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan tsawon watanni. Jikin dabbar yana ƙera furotin na kariya da ke gane siffar kowane sinadari na dafin ya manne masa. Sai a ɗebi jininta, a tace waɗannan furotin, a zuba a kwalba. Idan aka sa wa majinyaci ta jijiya, suna kama enzayim ɗin su rufe shi, jiki ya fitar da shi.

Idan makarin ya dace kuma ya isa, zubar jinin dasashi takan tsaya cikin rabin sa'a. Daskarewar jini kuwa takan dawo bayan wajen sa'a 6, lokacin da hanta ke bukata ta ƙera sabon fibirinojin da babu mai cinye shi. Shi ya sa ake maimaita gwajin kwalba bayan sa'a 6, in jini bai kame ba a ƙara allura. Yaro yana bukatar adadin da babba ke bukata, domin dafin ake kashewa, maciji kuma bai rage wa yaro ba. Makari yana iya jawo ƙaiƙayi, ko sarƙewar numfashi, ko faɗuwar bugun jini, don haka a asibiti kaɗai ake ba da shi, da allurar adirenalin a kusa. Abu ɗaya da ba ya iya yi shi ne ta da naman da ya riga ya mutu.

Tun da siffa makari yake ganewa, wanda aka haɗa da dafin macijin wata nahiya ba lallai ya kama na nan ba. An ga haka a wani asibitin karkara a Ghana, a rahoton da aka buga a 2008: da aka sauya makarin da ya dace da wani da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen saran kububuwa sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100. Don kauce wa irin wannan ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya ta haɗa kai da masana na Liverpool da Oxford, aka kai macizan Najeriya Ingila aka tatsi dafinsu, aka samar da EchiTAb-G daga tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus-ICP daga dawaki a Kosta Rika, wanda ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci. An gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo ta Jihar Gombe, aka buga sakamakon a 2010. Kaltungo da Zamko ta Jihar Filato suna cikin wuraren da suka fi karɓar masu saran maciji a ƙasar. Matsalar da ta rage ita ce tsada da yankewar magani, kuma abin kunya ne a ce manomin da ke ciyar da ƙasa ya mutu don kwalba ɗaya ba ta iso ba.

Sanin enzayim ya buɗe wata ƙofa. Tun da masu yanka hanyoyin jini ba sa aiki sai da zinki, masana suna gwada magungunan da ke kama zinki ko su toshe bakin enzayim ɗin, da wani mai suna varespladib da ke toshe fosfolifes A2. Burin shi ne a sami ƙwayar da za a haɗiya tun a gona kafin a isa asibiti. Har yanzu bincike ake yi, ba su maye gurbin makari ba.

Dafi ya kuma ba likitanci kyauta. Captopril, maganin hawan jini da aka amince da shi a 1981, ya samo asali daga binciken Sérgio Ferreira kan dafin wani macijin Brazil. Tirofiban, da ake ba masu ciwon zuciya don hana gudan jini, an tsara shi ne bisa wani furotin na dafin 'yar uwar kububuwa ta Asiya. Enzayim ɗinta mai tayar da furoturombin, ekarin, ana amfani da shi a ɗakin gwaji don auna ƙarfin wasu magungunan tsinka jini.

Abin yi idan sara ya faru

A janye mutum daga wurin macijin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da takalmi kafin kumburi. A sa wa gaɓar da aka sara karan ɗori ba tare da matsewa ba, domin motsin tsoka ne ke tura dafi zuwa jini. A ɗauke shi, kada ya taka, a kai shi asibiti mai makari ta hanya mafi sauri. In yana amai ko ya galabaita a kwantar da shi ta gefen hagu. Don zogi a ba shi farasitamol. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. A lura da lokacin da saran ya faru, likita zai tambaya. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa ɗigon dafi kaɗan ke iya lalata jini mai yawa?
2. Ku bayyana yadda dafi mai daskarar da jini ke barin mutum da jinin da ba ya daskarewa.
3. Me ya sa ake jira sa'a 6 kafin a maimaita gwajin kwalba?
4. Wani ya ce a ba yaro rabin makari saboda ƙaramin jiki ne da shi. Me za ku ce masa?

Kafin darasi na gaba, kowa ya je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da shi ya tambaya: shin suna da makarin dafin maciji, wane iri ne, kuma in babu, ina suke tura mutane? Ku rubuta sunan wurin da nisansa da lambar mai mota ko babur da za a iya kira da dare, ku kawo aji mu haɗa, sannan ku kai wa mai unguwa da limami su sanar da jama'a tun kafin damina ta faɗi.